Za mu kai Baba Abuja daga Jos yana kan oksijin, me ya kamata mu shirya?

Ummu_Hanif:
Slm jama'a, dan Allah shawara nake nema. Babanmu ya samu shanyewar ɓarin jiki ranar Lahadi, yana kwance a wani asibitin kuɗi nan Jos, an sa masa oksijin. Yayanmu da ke Abuja ya ce a kawo shi National Hospital tunda can zai fi iya tsayawa a kansa, shi kuma kawu cewa ya yi kuɗin ambulan ya yi yawa a ɗauki Sienna kawai a shimfiɗa katifa a baya. Ni wallahi hankalina bai kwanta ba, mutumin da ko ruwa aka ba shi sai ya ƙware. Wanda ya taɓa yi ya faɗa min.

Anti_Nas_Rikkos:
Allah ya ba Baba lafiya. Ƙanwata maganar Sienna ku bar ta, ki lallaɓa kawu. Kafin ma a zo batun mota, likitan da ke duba shi ya kira likitan can su yi magana baki da baki, a ce eh an karɓe shi kuma akwai gado, ki riƙe sunan likitan da lambarsa. Yaya ya ce "ku taho kawai" ba shi ne karɓa ba fa.

Sai oksijin, nan ne aka fi yin kuskure. Ƙaramar tukunyar nan lita 680 take ɗauka in ta cika, in Baba na shan lita 5 a minti ɗaya kin ga awa 2 da 'yan mintuna ta ƙare, ku kuma tafiyar awa 4 zuwa 5 ce a gabanku, ga Hawan Kibo in tirela ta faɗi sai a yini, ga gosulon Mararaba da Nyanya. Mu lissafinmu ninki biyu na abin da tafiyar za ta ci ake ɗauka. Ki duba agogon tukunyar da idonki kafin a tada mota.

Nas ta zauna da shi a baya da abin gwajin oksijin na yatsa, da na shuga, da injin zuƙe majina. A ɗaga kansa, in amai ya zo a juya shi gefe. Tunda yana ƙwarewa kar a ba shi komai ta baki a hanya, ko zamzam ne, huhu zai tafi.

Dan_Bukuru:
Gaskiya Anti ta faɗa. Mu bara haka muka ɗauki mahaifiyata a ambulan ɗin wani asibiti, ashe jiniya ce kawai da gado a ciki. Muna wuce Akwanga robar ƙarin ruwa ta fice daga hannunta, yaron da suka haɗa mu da shi ba nas ba ne, ni na danne wurin da hankicina har Keffi. Muka isa kuma aka tambayi takardar rifara (wadda likita ke rubuta wa asibitin da za a je) da hoton sikanin, mun baro su a Jos, sai da aka sake komai. Ki sa duk takardu a jaka ɗaya, har sunan magungunan da ƙarfe nawa aka ba shi na ƙarshe. Ku fita da sassafe, kar ku yi tafiyar dare.

Malam_Sabo:
Hajiya ni tambaya ce da ni, me za a yi masa a Abuja da babu a JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos? Lamingo inda yake ga ta nan kusa. Ki tambayi likitan ko jikinsa zai ɗauki doguwar hanya yanzu, in don jinya ne ai gara Yaya ya taho.

Ummu_Hanif:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na nuna wa likita maganar Malam, ya ce shi ma ya fi son a fara da JUTH, gobe da safe zai kira su. Anti dan Allah ko cikin gari ne sai an haɗa mu da nas ɗin?

Anti_Nas_Rikkos:
Eh, ko minti 20 ne. Kuma ki ce su sa masa kanula biyu, wato robar ƙarin ruwa ta hannu, kafin ku fito.