Masu siddabaru da suka taɓa shiga talabijin, me kuka tarar a bayan kyamara?

MaiKarta: Salam 'yan uwa. An gayyace ni wani shiri na talabijin, ni kuma duk wasana a gaban mutane nake yi ido da ido. Waɗanda suka taɓa yi don Allah ku ɗan ba mu labari.

Dan_Dabo: Wslm. Abu na farko dai ka sani kyamara ba ta ƙifta ido. Mutum in ka kalli hannunka na dama shi ma can zai kalla, a lokacin hagu ta gama aikinta, amma kyamara ba ruwanta da inda ka kalla, komai ɗauka take, sannan 'yan YouTube su rage gudun bidiyon suna tsayar da shi kaɗan-kaɗan har sai sun kama ka. Ni siririn zaren da nake ɗaga zobe da shi, a zaure babu mai ganinsa, ana kunna fitilar da ke bayana sai ga shi yana sheƙi a monita.

Hajiyar_Rufa_Ido: Ni editin ne ya ƙona min rai. Na yi wasan tas ba algus, sai edita ya yanke daidai lokacin da kwandala ke tafin hannuna ya nuna fuskar wata mai kallo, da ya dawo kwandala ta ɓace. Kowa a kwament cewa yake ai editin ne. Ɗan uwa ka zauna da darakta tun kafin a fara, ka nuna masa daga nan zuwa nan kar a yanke ko sau ɗaya.

Dan_Dabo: Gaskiya Hajiya. Tun da David Blaine, mai siddabarun nan na Amurka, ya fito da shirinsa na kan titi a 1997 ya juya kyamara kan fuskokin jama'a, daraktoci ihun 'yan kallo kawai suke farauta.

Tsohon_Hannu: Makirfo fa, ba wanda ya ambata. Mai sauti zai zo ya ce ɗaga kwat ya maƙala maka waya, alhali cikin kwat ɗin nan rabin sana'arka ce a jere lol. Kuma ɗan ƙas ɗin maganaɗisun kayan wasanka da kunne ba ya ji, shi radau yake ji a hedifon. Ga zafin fitilu, hannu ya yi gumi karta ta dinga mannewa.

Sai kuma a sake ɗauka. Wanda ka kira daga cikin 'yan kallo ya riga ya ga ƙarshen wasan, mamakinsa na biyu na dole ne, kowa zai gane. Ka riƙe wasan da za ka iya maimaitawa ta wata hanya daban.

MaiKarta: Na gode Baba. To ma'aikatan sitidiyo fa, ba sa tona asiri?

Tsohon_Hannu: Wasu shirye-shiryen suna sa su sa hannu a takardar riƙe sirri. Kai dai a rihazal, wato gwajin da ake yi kafin ɗauka, ka nemi a nuna maka monita, ka duba kowace kyamara da idonka, musamman ta sama.