Neman kalma: ruwan da ke zagaye ƙwaƙwalwa da hanyar da yake bi

Jama'a, salamu alaikum. Kalmomi biyu nake nema. Masu fassara labaran lafiya suna ta cin karo da binciken da ke danganta ruwan da ke zagaye ƙwaƙwalwa da mantuwar tsofaffi, kowa kuma abin da ya zo bakinsa yake rubutawa. Ta farko sunan ruwan kansa, wanda likitoci ke taƙaitawa da CSF. Ta biyu sunan hanyar da yake ratsa ƙwaƙwalwa yana kwashe datti, wadda Turawa ke kira gilimfatik.

Kafin a raɗa suna, a fara ganin jaririn. Ruwa ne garau, ba launi. A tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai ramuka 4, a can ake tace shi daga jini. Babban mutum yana ɗauke da kimanin mililita 150 a kowane lokaci, amma jiki yana samar da kusan 500 a rana, ke nan ana sabunta shi sau uku zuwa huɗu kullum. Yana fita daga ramukan, ya kewaye ƙwaƙwalwa, ya gangara cikin ƙashin baya ya kewaye laka, sannan ya koma cikin jini.

Shawarar farko daga wani malamin Hausa ta zo: "Malam, me zai hana a ce ruwan laka? Gajere ne, kuma laka kalmarmu ce tun kaka da kakanni."

Allah ya gafarta Malam, a baki daidai ne, a rubuce ne matsalar. Ba ma sa alamar karin sauti a rubutun yau da kullum, don haka lakar ƙashin baya da lakar bakin rafi kamarsu ɗaya a takarda. Wanda ya ga "ruwan laka na da alaƙa da mantuwa" a kanun labari, ɗauka zai yi ana gargaɗi ne kan shan ruwan kududdufi. Ban da haka, sunan ya bar ƙwaƙwalwa a waje, alhali ita ce masomin ruwan.

Sai wata ma'aikaciyar jinya ta rubuto, kuma maganarta ta fi tsaya mini a rai: "Mu a ɗakin marasa lafiya ruwan baya muke cewa. Idan ana zargin sanƙarau, mu kan ce wa iyaye za a ɗebi ruwan baya. A kwantar da yaro ta gefe, a naɗe masa gwiwa zuwa ƙirji, a soka allura tsakanin ƙasusuwan ƙugu. In ya ɗigo garau, hankali ya ɗan kwanta. In ya fito a gurɓace, an san abin da ake ciki. Amma sunan na jawo mana rigima. Magidanci na jin ruwan baya sai tunaninsa ya tafi ga tsatso da haihuwa, ya ce ba za a zuƙe wa ɗansa ƙarfi ba."

Hajiya, na gode. Wannan kalmar ta samu wurin zama a arewa, musamman ga waɗanda suka ga annobar sanƙarau ta 1996, kuma ba zan ce a kore ta daga asibiti ba. Sai dai tana nuna inda ake ɗiban ruwan ne, ba inda yake aiki ba, ga kuma tsoron da kika ambata.

Ga inda na tsaya: a ambaton farko a ce ruwan ƙwaƙwalwa da laka, don zaman ƙwaƙwalwa a gaba ya kore zancen taɓo. Bayan nan a taƙaita zuwa ruwan ƙwaƙwalwa. A kula kawai kada a cakuɗa shi da "ruwa a kai" da ake faɗa wa jaririn da kansa ya kumbura. Wancan taruwa ce, wannan kuwa kowa na da shi.

Kalma ta biyu ta fi wuya, don abin ma sabo ne ga masu shi. Sauran jiki na da siraran hanyoyi masu kwashe datti daga tsoka, waɗanda mu kan sani ta wurin kaluluwa idan ta kumbura. An daɗe ana koyar da cewa ƙwaƙwalwa ba ta da irinsu. A 2012 ne ayarin Maiken Nedergaard, 'yar ƙasar Denmak da ke Jami'ar Rochester a Amurka, suka nuna a jikin ɓeraye cewa ruwan ƙwaƙwalwa na shiga ta gefen jijiyoyin da ke kawo jini, bugun jijiyar na tura shi, ya ratsa ta wasu ƙananan ƙofofi a jikin ƙwayoyin da ke tallafe da ƙwaƙwalwa, ya gauraya da ruwan da ke tsakanin ƙwayoyi, ya fita ta gefen jijiyoyin da ke mayar da jini ɗauke da datti. A 2013 suka ƙara da cewa idan ɓera na barci, sararin da ke tsakanin ƙwayoyin na buɗewa da kimanin kashi 60 cikin 100. A 2015 wasu ayarori biyu, ɗaya a Jami'ar Virginia ɗaya a Helsinki, suka gano hanyoyin kaluluwa a fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, masu gangarawa zuwa wuya.

Cikin dattin da ake kwashewa akwai furotin ɗin amiloyid, wanda dunƙulewarsa na cikin alamomin cutar ƙwaƙwalwa mai jawo mantuwa, wadda likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana a 1906. Tunanin masu binciken shi ne, idan shekaru suka ja gudun ruwan ya rage, dattin sai ya zauna.

Mutum uku suka ce a kira shi wankin ƙwaƙwalwa. Wannan kam an riga mu: "an wanke masa ƙwaƙwalwa" na nufin an juya masa tunani, kuma ba mai ƙwace ta daga hannun masu sharhin siyasa. Wani ɗan Kano ya ce lambatun ƙwaƙwalwa. Na yi dariya, amma ba likitan da zai faɗa wa dattijo lambatunsa ya toshe ya kwana lafiya.

Ni magudanar ƙwaƙwalwa na zaɓa wa hanyar, aikin kuma ɗauraya. Wani likita ya ja ni da cewa magudana na sa mutum ya zaci bututu, alhali sarari ne kawai a gefen jijiya. Likita, magudana duk inda ruwa ke gudana ce, ko da ba a gina ta ba. Ɗauraya kuwa ta fi wanki dacewa, don ba sabulu ba cuɗa, wucewar ruwa ce kawai. Kuma gara sunan da bai cika baki ba, tun da yawancin hujjojin daga ɓeraye suke, har a 2024 wasu masu bincike a Landan suka ce su akasin haka suka gani, wato kwashe dattin raguwa yake yi a lokacin barci. Ana kan ja-in-ja. Mai fassara kada ya rubuta cewa barci na maganin mantuwa.

Da ma ban yi niyyar taɓa sunan cutar da ke jawo mantuwar ba, amma an yi ta tambaya. Gigin tsufa kowa ya sani, sai dai yana sa iyali su naɗe hannu su ce shekaru ne. Matar da Alzheimer ya fara dubawa, Auguste Deter, shekararta 51 lokacin da aka kwantar da ita a Frankfurt a 1901. Cutar mantuwa ma ba ta cika ba, don akwai ɓacewar hanya, da rikicewar magana, da canjin hali wanda a wasu gidajen har maita ake jingina wa tsohuwa saboda shi. Duk da haka ita na fi so, saboda kalmar cuta ita ke tura mutane asibiti.

Akwai kuma nau'in cutar mantuwa da ruwan nan ke haddasawa kai tsaye, wanda likitan Kolombiya Salomón Hakim ya bayyana a mujallun likitanci a 1965. Ramukan ƙwaƙwalwa ne ke faɗaɗa da ruwa. Tsoho ya fara jan ƙafa kamar an manna ta da ƙasa, ya kasa riƙe fitsari, tunani ya yi nauyi. Akan gwada ɗiban mililita 30 zuwa 50 ta baya a ga ko tafiyar za ta gyaru; in ta gyaru, ana iya sa siririn bututu daga kai zuwa ciki ya riƙa janye rarar ruwan, kuma da yawa na samun sauƙi. Shi na ba shi taruwar ruwan ƙwaƙwalwa ta manya, don a raba shi da na jarirai. Ya yi tsawo, na sani. Masu aiki a sashen tiyatar ƙwaƙwalwa, in akwai abin da kuke faɗa wa iyalai wanda ya fi wannan sauƙi a baki, ku kawo shi.