Lissafin zurarewar lakar haƙa ya ƙi daidaita da bayanan rijiya

Assalamu alaikum injiniyoyi. Mako 3 ke nan ina fama da lissafin yadda lakar haƙa (lakar da ake turawa da famfo cikin rijiya yayin haƙa ta) ke zurarewa cikin tsagar da dutsen farar ƙasa yake da ita tun asali. Na ɗauki tsagar kamar faranti biyu masu tazara ɗaya, lakar kuma na bi da ita a tsarin Bingham, wato tsarin lissafin da ke ɗaukar cewa laka ba ta fara gudana sai ƙarfin da ke tura ta ya wuce wani mizani. A lissafina zurarewar tana raguwa har ta tsaya, domin matsi yana gaza tura lakar idan ta yi nisa.

A rijiyar kuwa ba ta tsaya ba. Abin da ya fi damuna, da an kashe famfo sai wani kaso na lakar ya dawo. Ina zargin tsagar buɗewa take yi da matsi, ta rufe idan ya sauka. Yaya zan shigar da wannan cikin lissafin? Ko in fara komawa tsarin Herschel-Bulkley tukuna, wanda shi yake la'akari da yadda kaurin lakar ke canzawa da saurin gudanarta? Don Allah a taimaka.