Ranar da kuka ƙi busa usur

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum 'yan'uwa rafali. Jiya na jinkirta wasan ƙwallon ƙafa na 'yan ƙasa da shekara 15 har minti 40 saboda raga. Irin mai ɗaukuwar nan ce ta ƙarfe. Hannu ɗaya na sa na girgiza sandar sama, sai ga ƙafafun baya sun ɗaga. Doka ta 1 ta IFAB, hukumar da ke tsara dokokin ƙwallon ƙafa, ta ce dole raga ta kafu daram a ƙasa. Koci ya ce shekara nawa suna wasa da ita ba abin da ya faru. Na ce to yau dai sai an ɗaure ta. Ku fa, me ya taɓa sa ku tsayar da wasa?

Tsohon hannu: Wa alaikumus salam. Ka yi daidai, ƙanena. Gola yaro ba ya rabo da lilo a jikin sanda, kuma ƙarfen nan in ya kifo, kai yake nema.

Ni nawa tsawa ce. Saura minti 12 a tashi, masu gida na gaba da ci ɗaya, hadari ya haɗo. Da na ga walƙiya sai na fara ƙirga, ban kai 20 ba aradu ta amsa. Ƙara na cin kusan kilomita ɗaya a daƙiƙa uku, ka ga ke nan tana kusa. Ƙa'idar da muka koya: in tsakanin walƙiya da ƙara bai kai daƙiƙa 30 ba, a bar fili, kuma a jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe. Na busa. Zagin da na sha ranar, Allah kaɗai ya sani. Abin da ya fi ba ni wahala ma shi ne yaran duk suka kwasa da gudu suka fake ƙarƙashin bishiya, sai da na bi su na koro su cikin gini.

Sabon shiga: Yallabai, batun zobe fa? Wani ya naɗe nasa da filasta na ƙyale shi.

Tsohon hannu: Kada ka sake. Doka ta 4 ta hana har rufewar da filasta. A 2004 zoben auren Paulo Diogo, ɗan wasan ƙungiyar Servette ta Switzerland, ya maƙale a shingen waya yana murnar ƙwallo, yatsan ya tafi.

Mai riƙe tuta: Ni kuskurena zan faɗa. Yara biyu suka yi karo da ka. Ɗayan ya miƙe yana cewa lafiya lau, babansa daga gefe yana ihu a bar shi, namiji ne. Na bari. Minti biyar bayan nan ya zo yana tambayata wace raga ce tasu. Jikina ya yi sanyi. Ba jini ko ɗigo, shi ya ruɗe ni, don da jini ne Doka ta 5 ta riga ta ce ya fita. Tun ranar, bugun kai in na yi kokwanto, waje kawai, kuma ba ya dawowa ranar.

Mai buɗe zance: Allah ya kiyaye gaba, ɗan'uwa. Baban ya yi magana daga baya?

Mai riƙe tuta: Ko kallona bai yi ba. Ya ɗauki ɗansa suka wuce asibiti.