Mijin yayata ya shaƙe mata wuya, ta ina za mu fara?

Assalamu alaikum. Admin a sakaya sunana don Allah. Yayata ce, shekararta shida da aure, 'ya'ya biyu. Ba yau mijinta ya fara dukanta ba, amma daren jiya ya shaƙe ta har numfashinta ya ɗauke. Da safe na tarar ta naɗe wuya da mayafi har haɓa, murya ta dishe, ruwa ma da ƙyar yake wucewa. Wayarta da katin bankinta suna hannunsa tun bara. Tsoronta kada ta kai ƙara a raba ta da yara.

Maman Hanan: Asibiti tukuna, ƙanwata, yau ɗin nan. Aikin jinya nake yi. Shaƙa kan kumbura maƙogwaro ta ciki alhali waje babu tabo, kuma dishewar nan alama ce. Kada ta ce wa likita faɗuwa ta yi, ta faɗi gaskiya a rubuta a katinta. Ki ɗauki hoton wuyan da wayarki yau, ki sake ɗauka jibi, don shatin yatsu kan fito daga baya. Mai shaƙa ya fi mai mari kusa da kisa, mu da muke karɓarsu mun sani.

Baban Khalil: A yi haƙuri a kira manya su sasanta.

Maman Hanan: Malam, sasantawa da mai rai ake yi.

Anti Lauya: Ba ki faɗi ƙasar da kuke ba, doka kuwa kowa da tasa. A Najeriya akwai dokar hana cin zarafin mutane, wato VAPP, ta 2015: dukan abokin aure na iya jawo ɗaurin da ya kai shekara 3. A Abuja ta fara aiki, jihohi sai wadda ta amince da ita, don haka ki bincika taku. Ghana na da tata tun 2007, da sashen 'yan sanda na musamman kan cin zarafi a gida, DOVVSU. A Ingila, ƙwace waya da kuɗi da tsare mutum laifi ne mai zaman kansa tun 2015, ko ba a taɓa jiki ba.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne umarnin kariya. Kotu ce ke hana shi kusantarta ko yi mata barazana, kuma ba sai aure ya mutu ake ba da shi ba. Maganar yara kuma, kai ƙara ba ya raba uwa da 'ya'yanta. Alƙali maslahar yaran yake dubawa. Ku nemi ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, suna taimaka wa marasa hali kyauta.

Ummu Sadiq: Ni na fito daga irin wannan. Kada ta ce masa za ta tafi, lokacin ne ya fi haɗari. Takardun haihuwar yara da katin shaidarta su riga ta zuwa wurinki, a hankali.

Mai tambaya: Na gode, Allah Ya saka. Muna layin ganin likita yanzu. Anti, a Najeriya muke, zan yi miki magana ta akwatin sirri.