Har yaushe mutum zai ci gaba da jira?

Yar_Katsina:
Salama gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu. Don Allah ina da tambaya amma kar a ce man "ki yi haƙuri" don na ji shi har na gaji. Aurena ya daɗe ko ɓari ban taɓa yi ba, ƙannaina duk sun yaye sun sake goyo, ran Lahadi in an kawo jariri coci don miƙawa ni ke fara rangaɗa guɗa cikin Zumuntar Mata, in na koma gida kuwa kuka sai na gode Allah. Azumi da addu'ar dare ba wanda ban yi ba. Shin akwai lokacin da mutum zai ce to Ubangiji ya ce a'a, ko daina sa rai rashin bangaskiya ne?

Dattijo_Funtua:
Ɗiyata sannu. Buɗe Farawa 12, Ibrahim na da shekara 75 aka yi mashi alkawarin zuriya, ɗanshi Ishaku bai zo ba sai da Ibrahim ya cika 100, shekara 25 kenan. Kuma kar ki ɗauka sun yi zaman lafiyar zuciya, Saratu ta gaji ta ba shi Hajaratu aka haifi Isma'ilu yana 86 gida ya rikice, daga baya har dariya ta yi a bayan ƙofar alfarwa da ta ji an ce za ta haihu, duk da haka Allah bai janye maganarshi ba. Gajiyarki ba zunubi ba ce.

Malamin_Lahadi:
Baba da girmamawa, ni nan ne nake ɗan jin tsoro, don Ibrahim Allah ne ya faɗa mashi da bakinshi zai samu ɗa, ita kuwa 'yar'uwarmu ba mu da ayar da za mu ce an rubuta mata haka, in muka yi ta ce mata "naki na nan tafe" bai zo ba wa zai tsaya da ita? Bulus ya roƙa sau 3 a cire mashi ƙaya aka ce alherina ya ishe ka, 2 Korantiyawa 12. Ƙarshen Ibraniyawa 11 ma cewa ya yi an yaba wa mutanen dā saboda bangaskiya amma ba su karɓi abin da aka alkawarta ba. Wannan wurin fastoci ba su cika son wa'azi a kai ba, kuɗin baiko na coci ba sa taruwa da shi.

Maman_Biyu:
Yaya ni dai Hannatu nake tuna maki, kishiya na tsokanarta kullum, ta je Shilo ta zuba kukanta har Eli firist ya zaci ta bugu, da ta tashi ta ci abinci fuskarta ta sake, alhali lokacin ko cikin Sama'ila ba ta da shi. Ki ci abinci don Allah, azumin ya isa haka. Sannan ku je asibiti ke da oga ku biyu, ba ke kaɗai ba, maza ma ana samun matsala a wajensu sai dai ba a faɗi. Masu saida man shafewa a kwalba kuwa ki riƙe kuɗinki.

Yar_Katsina:
Na gode maku. Malam maganarka ta yi man zafi amma gara da ka faɗa. Maman Biyu ai nan gizo ke saƙar, shi ko sunan gwaji ba ya son ji, wa zan sa ya yi mashi magana, fasto ko yayanshi?