Alhaji mai dawakin polo na son sayen kulob ɗinmu, wane sharaɗi za mu sa masa?

Sakatare Bolari: Assalamu alaikum. Kulob ɗinmu na ƙwallon ƙafa na nan Gombe yana buga NLO, rukuni na uku a Najeriya, mu biyar muka haɗa hannu. Wani Alhaji mai dawakin polo, wanda kuma ke ɗaukar nauyin wata ƙungiyar ƙwallon kwando, ya zo da tayi: naira miliyan 40 ya karɓi kashi 70, ya canza suna, ya kai mu NNL, rukuni na biyu. Ya ce ai attajiran wasu wasanni ne suka tayar da MLS, babbar gasar ƙwallon ƙafa a Amurka. Ya ba mu zuwa ƙarshen wata. Me za mu rubuta a takarda kafin mu sa hannu?

Yelwa Gunner: Kar ku sayar, Malam. Dubi Kroenke, attajirin Amurka: Arsenal tasa, Rams ta ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka tasa, Denver Nuggets ta ƙwallon kwando tasa, Colorado Rapids ta MLS tasa. A 2016 ya kwashe Rams daga St. Louis ya kai Los Angeles, magoya baya na kuka. A 2021 shi da masu Manchester United da masu Liverpool suka shiga Super League, gasar da waɗanda suka kafa ta ba za su taɓa faɗuwa ba. Halinsu ke nan.

Malam Mai Lissafi: Alhajin naku bai yi ƙarya ba, rabin zancen ya faɗa. MLS ta fara a 1996, bayan kakar 2001 ta rufe ƙungiyoyi biyu, Miami Fusion da Tampa Bay Mutiny. Mutum uku suka riƙe ta: Anschutz, da Lamar Hunt mai Kansas City Chiefs, da Kraft mai Patriots, duka biyun ƙungiyoyin zari-ruga irin ta Amurka. Anschutz har ƙungiyoyi shida ya taɓa riƙewa lokaci guda. Amma a can kwantiragin 'yan wasa a hannun gasar yake, kuma ba a faɗawa ƙaramin rukuni, don haka jarin mutum ba ya narkewa saboda kaka ɗaya ta ɓaci. A nan ƙungiyoyi huɗu ke faɗuwa daga NPFL, rukuni na ɗaya, kowace kaka. Sannan su ma ba ɗaya suke ba. Hunt ya gina wa ƙungiyarsa ta MLS da ke Columbus filinta na kanta a 1999, ƙungiyar Kraft kuwa a filin Patriots ta yi ta wasa. Ku tambayi Alhaji ko zai gina muku fili.

Ɗan Wunti: Miliyan 40 a kan kulob ɗin NLO? Ku karɓa da gudu kafin ya farka. A Amurka ma dala miliyan 325 ake biyan gurbi, amma can akwai kuɗin talabijin.

Malam Mai Lissafi: Kuɗin da ƙungiyar Charlotte ta biya don shiga MLS ke nan. San Diego da ta shigo a 2025 miliyan 500 ta biya. Kuma miliyan 40 ba za ta fitar da kakar NNL ɗaya ba in aka lissafa albashi, dizal, otal da abinci.

Koci Tudun Wada: Ku bar Amurka ku ji abin da ya faru a yankin nan, ba zan kama suna ba. Attajiri ya sayi kulob, ya zo da sabuwar bas da riguna kala uku, aka yi walima. Asusu ɗaya ne da na dawakinsa. Lokacin gasar polo na zuwa kuɗi ya koma dusa, likitan dabbobi da tirelar ɗaukar doki. Albashi ya tsaya wata huɗu. Yara suka tafi wasan waje ba kuɗin otal, suka kwana cikin bas, washegari aka yi musu ruwan ƙwallaye. Da kaka ta ƙare ya sayar da gurbin ga wasu mutane a wata jihar, ya sayar da yara biyu waje. Waɗanda suka kafa kulob ɗin, suka reni yaran nan tun suna buga ƙwallo ba takalmi, ko sisi ba su gani ba, domin duk yarjejeniyar a falonsa aka yi da baki. Mai tsaron raga yanzu Keke Napep yake ja. Allah ya isa.

Ɗan Wunti: Da sun sa dokin a lamba bakwai, ai shi yana cin abinci a kan lokaci 😂

Koci Tudun Wada: Ba abin dariya ba ne, yaro.

Barista Jekadafari: Malam Sakatare, ga amsarka. Ku fara yi wa kulob rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, a matsayin kamfani, kason kowa a rubuce. Asusun banki daban, ba ruwansa da polo ko kwando, kuɗi ba ya fita sai da hannu biyu, ɗaya naku. Ku raba kuɗin sayen kaso da kuɗin tafiyar da kaka, na biyun ya zuba shi kafin wasan farko. Canza suna, barin Gombe, sayar da gurbi: ba ɗaya da zai yiwu sai da amincewarku, ko da kashi 30 gare ku. In zai fita, ku ne farkon waɗanda za a yi wa tayi. Ku tabbata kowane yaro na da rajista da sunan kulob, domin dokar FIFA ta ware kashi 5 na kuɗin cinikin ɗan wasa ga ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Ku kuma tambaye shi ko yana da hannu a wani kulob. Kunle Soname na da Remo Stars da Beyond Limits, da ta biyun ta samu hawa NPFL a 2024 ba ta buga ba, saboda mutum ɗaya ba zai riƙe biyu a rukuni ɗaya ba.

Koci Tudun Wada: Barista, takarda ba ta biyan albashi. Ka taɓa zama a benci?

Barista Jekadafari: Koci, labarin da ka bayar ai na rashin takarda ne.

Hajiya Pantami: Ku dai daina zagin masu kuɗi. Remo Stars ɗin nan ta ɗauki kofin NPFL a 2025, da filinta a Ikenne. Su Wikki Tourists da Gombe United ai kasafin gwamnati suke jira, gwamna ya canza komai ya canza.

Yelwa Gunner: Hajiya, ko Dangote ya sayi kulob, in mai gida sai ya ci dole, wa zai biya kuɗin ƙofa? Fenariti a minti na 95 kowane mako. Shi ya sa gidan kallo ke cika ranar Asabar, fili kuwa sai 'yan uwan 'yan wasa.

Koci Tudun Wada: Alƙalin wasan da bai ga alawus ɗinsa ba, wanda mai gida ya sauke kuma ya ciyar, me kake so ya busa?

Sakatare Bolari: Na gode. Barista, in ya ƙi maganar hannu biyu a banki fa?

Ɗan Wunti: Wai wa ya ga fenaritin da aka bayar makon jiya? Hannun ma ba cikin da'ira yake ba.